Amfilifaya kilas A ƴar wat 10: taransifoma, cajar laftof ko batir?

Ɗan Koyo:

Assalamu alaikum iyayen gidana da abokai. Dan Allah shawara nake nema, abin nan ya ɗaure min kai yau kusan sati biyu kenan.

Ni ɗan koyon gyaran rediyo da talabijin ne a nan Kano, to in na tashi daga shago da daddare nakan ɗan taɓa haɗe-haɗe na a ɗaki. Kwanaki na ci karo da zanen amfilifayar nan da ake cewa JLH, wadda wani Baturen Ingila John Linsley-Hood ya fitar a mujallar Wireless World tun 1969, tiransisto huɗu ne kacal a kowane gefe kuma wat 10 take bayarwa a sifika mai om 8, da naga sauƙinta sai nace wlh sai na gwada. Na haɗa gefe ɗaya a kan bero bod (allon nan mai ramuka na haɗa da'ira), na sa tiransisto 2N3055 guda biyu a wajen fita. Wuta kuma wata taransifoma na samu mai 24V 3A da na cire a wata tsohuwar na'ura, na sa mata birij (dayod ɗin da ke mayar da wutar AC zuwa DC) da kafasito 4700uF 35V.

Alhamdulillahi sauti ya fito, kuma gaskiya ban taɓa jin murya ta fito tas haka a abin da na haɗa da hannuna ba, na sa karatu sai kace mai karatun yana zaune a ɗakin. Amma matsala biyu ta hana ni sakat. Ta farko gurnani, wani huuuum ne a ƙasa-ƙasa da baya tafiya ko na rage boliyum har ƙarshe, da dare in gari yayi shiru har ciwon kai yake sa ni. Ta biyu zafi, hitsink ɗin da na sa, wato ƙarfen da ke kwashe zafin tiransisto, na wata matacciyar rediyon mota ne, minti goma kawai baka iya ɗora yatsa a kai, kuma ko ba a kunna komai ba haka yake yi, na zaci wani abu ne ya ƙone na canza tiransistocin duka biyu amma ba abin da ya canza. Sannan mita tana nuna min 31V da safe, da magariba in kowa ya kunna kayansa sai ta sauko 24V ko ƙasa da haka.

Yanzu kafin na haɗa gefe na biyu nake so na yanke shawara a kan wutar, dan kuɗin ba yawa gare su ba. Abin da ke gabana: ko na nemi babbar taransifoma na ƙara kafasitoci, ko na sa regileta LM317 mai tsayar da bolt a adadi ɗaya tunda ina da guda uku a akwati, ko kuma cajar laftof 19V 4.74A da yayana ya daina amfani da ita, wani abokina kuma cewa yayi na jona da batirin sola kawai na huta. Sifikuna na gwanjo ne masu om 8, ɗakin kuma ƙarami ne, ba biki zan yi ba. Wanne ya fi? Ngd.

Mai Kiɗan Biki:

Wslm. Abokina kai ma dai da son wahala kake 😂 wat 10 fa kace? Kana ƙona wuta kamar dutsen guga dan ka samu wat 10? Je ka sayi ɗan bod ɗin nan na TPA3116 kilas D, tafin hannu ya fi shi girma, wat 50 gefe-gefe yake iya bayarwa a om 4, ka jona shi da wannan cajar ta yayanka shikenan an wuce wajen, ko ɗumi ba zaka ji yayi ba. Mu da muke yini muna kiɗa a rana tuni muka bar harkar manyan ƙarafan nan. A wannan zafin na Kano ka ajiye hita a ɗaki da sunan jin sauti, ga wutar ma ba samunta ake ba. Ni dai ban ga riba ba, amma kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Baba Mai Rediyo:

Wa alaikumus salam. Yaro sannu da ƙoƙari, Allah ya yi albarka. Kar ka biye wa mai kiɗa, shi ƙara yake sayarwa, kai kuma sana'a kake koyo, kuma duk wanda ya haɗa wannan da'irar ya gane ta to ya gane tiransisto. Bod ɗin da yake faɗa in ya mutu sai dai ka jefar ka sayi wani.

Zafin nan ba lalacewa ba ce, ka daina canza tiransisto kana asarar kuɗinka. Haka kilas A take. Ka ga tukunyar mai shayi? Ko da mai saye ko babu wuta tana ƙarƙashinta tana ci, dan kar wani ya zo ya tarar ruwa ya huce. To haka tiransistocinka biyu suke, a buɗe suke kullum wuta tana bi ta cikinsu, ba wanda yake kashewa ya jira ɗan uwansa ya karɓa kamar yadda ake yi a kilas B, shi ya sa babu wannan ɗan karcewar da ake ji a tsakiya idan sauti yayi ƙasa, kuma daɗin muryar da kaji daga nan ya fito. Kuɗin daɗin shi ne zafi. Mai zanen da kansa 27V ya rubuta da amfiya 1.2 in sifika om 8 ce, ka buga ka gani, wat 32 kenan kowane gefe yake sha dare da rana, kuma in ba ka kunna komai ba duk wat 32 ɗin nan zafi suke zama. Kai kuma ka ba ta 31V, kuma ita wannan da'irar in wuta ta hau amfiyar ma hawa take, in tiransisto yayi zafi ta ƙara hawa, ina jin kana wajen wat 40 zuwa 45 a kan ɗan hitsink ɗin rediyon mota. Allah ne ya tsare basu tafi ba.

Abin da zaka fara yi tun kafin maganar wace wuta, ka auna amfiyar. Ka sa resisto 0.1 om mai wat 5 a jere a kan wayar fositif, ka auna bolt a kansa, in kaga 120mV to amfiya 1.2 kenan. Ka bar shi rabin awa ka sake aunawa dan sai yayi zafi yake faɗin gaskiya. Sannan ka auna tsakiyar tiransistocin biyu, inda kafasiton sifika yake, dole ya zama rabin wutar da ka bayar.

Hitsink kuma ka shiga wajen ƴan gwangwan ko masu gyaran inbata ka nemi na matacciyar inbata ko na tsohuwar amfilifayar masallaci, mai kauri mai dogayen haƙora, kowane gefe da nasa, ka tsayar da haƙoran a tsaye yadda iska zata bi ta hau sama, kar ka kwantar. Kar ka manta jikin 2N3055 shi ne kalekta, sai da maika (siririn ɓawon da ke hana wuta wucewa) da man nan fari tsakaninsa da hitsink, in ba haka ba zaka haɗa wuta da jikin akwati. Kuma ka kula da 2N3055 na yanzu, jabu sun yi yawa, na taɓa sayen guda goma a wani shago duk suka mutu cikin sati, da na yanke kan ɗaya da zarto abin da ke ciki ɗan mitsitsi ne kamar ƙwayar gero. Gara ka ciro tsoho a tsohuwar na'ura.

Batun wuta ni dai taransifoma na sani, ita na yarda da ita. Shekara da shekaru tana aiki, in ta ƙone a naɗa ta. Amma ba wannan taka ba, 24V tayi yawa, kuma kafasiton ka mai 35V yana bakin rami, domin 24V in an gyara ta ba lodi tana kai 33 zuwa 34, ranar da aka kawo wuta da ƙarfi zata haura 35 ya fashe maka a fuska. Ka sa a naɗa maka mai 20V ko 22V, wajen 150VA in gefe biyu ne, kafasito 10,000uF mai 50V kowane gefe. Ka sa fis a ɓangaren wutar gida. Ka fara kunnawa da ƙwan fitila mai zare a jere, amma kar ka tsorata in kaga bai mutu gaba ɗaya ba, kilas A tana jan wuta kullum dan haka zai ci gaba da ɗan ja. Cajar laftof kam ban yarda da ita a harkar sauti ba, ƙaramin abu mara nauyi mai tsiwa.

Malama Fiziks:

Baba ya gama magana a kan zafi, ba abin da zan ƙara sai lissafin hitsink a ƙasa. Amma Baba a gafarce ni, a kan caja zan ɗan saɓa maka, kuma dalilina yana cikin tambayar yaron, inda yace 31V da safe 24V da magariba.

Ɗan Koyo, fara da gurnanin. Bayan birij, kafasito cika yake yana zubewa sau 100 a daƙiƙa ɗaya tunda wutarmu mai 50Hz ce, kuma zurfin zubewar ana samunsa ne in ka raba amfiya da 100 sau girman kafasiton. Naka 4700uF ne, wato farad 0.0047, sau 100 ya zama 0.47, ka raba 1.2 da shi zaka samu wajen 2.5V. Wato wutarka tana rawa sama da ƙasa da bolt biyu da rabi. Amfilifayar kilas AB, wadda ke tsakanin A da B, bata damu sosai ba saboda in shiru ake kusan bata jan komai, kafasito a cike yake zaune, sai kiɗa ya tashi rawar take zuwa kuma lokacin kiɗan ya rufe ta. Taka kuwa tana jan amfiya 1.2 a lokacin da ɗakin yayi tsit, kuma JLH ta 1969 bata da ƙarfin tace abin da ya shigo mata ta wayar wuta, shi ya sa kake jin sa. Ko ka sa 10,000uF rawar 1.2V ce ta rage, an rage rabi ne kawai. In ka sa guda biyu da resisto 0.47 om mai wat 5 a tsakaninsu, na biyun zai sake rage ta zuwa wajen kashi ɗaya cikin uku, wannan ya fi a haɗa su kai tsaye.

Amma ka tabbatar daga nan yake. Ka cire wayar shigar sauti ka haɗa bakin da giraun. In gurnanin ya tafi to daga wayarka ne ko abin da ka jona. In yana nan, ka sauke manhajar nan mai fitar da sauti a waya ka saurari 50Hz da 100Hz ka kwatanta da kunnenka. In 100 ne to rawar kafasito ce. In 50 ne to taransifoma tayi kusa da bod ko wayoyin shiga, ka matsar da ita ka juya ta. Kuma duk wayoyin giraun su haɗu a wuri ɗaya bayan kafasito, kar ka ɗauki giraun ɗin sauti daga wayar da ke tsakanin birij da kafasito, nan ne wuta take wucewa da fizga.

LM317 ka mayar da su akwati. Iyakarsa amfiya 1.5, kana dab da bakinsa, zai yi zafi ya dinga kashe kansa. LM338 yana ɗaukar 5, amma matsalar duk regileta ɗaya ce a wajenmu: yana bukatar wutar da ke shiga ta fi wadda ke fita da wajen 3V. Ka saita 27V, da safe kana da 32 lafiya lau, da magariba wutar gida ta faɗo daga 230 zuwa 180, wato ta koma kashi 78 cikin ɗari, 32 ɗinka ta zama 25, regileta ya saki, gurnani ya dawo daidai lokacin da kake son zama ka saurara. In kuma ka naɗa taransifoma mai yawa dan maganin haka, to da safe rarar duk zafi zata zama. In dole sai taransifoma, abin da ya dace da mu shi ne da'irar nan mai ninka kafasito, tiransisto TIP142 ɗaya da resisto da kafasito a ƙafar bes ɗinsa, ita bata riƙe wani adadi, bin wutar take duk inda taje tana zama ƙasa da ita da bolt biyu zuwa uku tana goge rawar. Sai dai ita ma zata ƙara maka zafin wat 3 zuwa 4 kowane gefe.

Yanzu juya cajar yayanka ka karanta bayanta, zaka ga 100-240V. Ko wuta ta faɗo 170 ita 19V zata baka cif, kuma bata da rawar 100Hz ɗin nan da yawa saboda tana gyara kanta, nata ƙazantar can sama take inda kunne baya ji kuma ƙaramin koyil da kafasito suna share ta. Ba sabon abu bane, Nelson Pass na Amurka, wanda sunansa ya yi fice a kilas A, da ya fitar da Amp Camp Amp a 2012 da irin wannan wutar ta laftof mai 19V ya tsara ta, wat 5 kowane gefe.

Nawa zaka rasa? Ka cire wajen 2V daga wutar, ka ninka abin da ya rage da kansa, ka raba da 64 in om 8 ce. 27V tana bada kusan wat 10, 24V wajen 7.5, 19V wajen 4.5. Kar rabin nan ya tsorata ka, raguwar wat da rabi a kunne desibel 3 ne kawai, ɗan taɓa boliyum ne. A ƙaramin ɗaki yawancin saurare ko wat ɗaya baya kaiwa. Ribar kuma, a 19V amfiya 0.8 zuwa 0.9 ta ishe ka, wat 16 ko 17 kenan kowane gefe maimakon 32, zafi ya ragu da rabi, gefe biyu basu kai rabin ƙarfin cajar mai wat 90 ba.

Ga lissafin hitsink ɗin da nace. Turawan da suka zana abubuwan nan ɗakinsu 20 zuwa 25 yake, mu a watan Afrilu ɗaki yana kai 40. Hitsink mai hawa digiri ɗaya a kowane wat, in ka ɗora masa 32 ya zama 72, cikin tiransisto kuma ya haura 100. In 17 ka ɗora masa yana 57. Ka ga bambanci. Kafasitoci kuma ka nisanta su da shi ka nemi masu 105°C, duk ƙarin digiri 10 rabin rayuwarsu yake ci.

Na Maraɗi:

Salamu alaikum. Ni hwa da batiri nike aiki da tawa, shekara ta biyu kenan, dan haka bari in hwaɗi abin da na gani. Maganar shiru kam babu kamar batiri, ka kanga kunne ga sifika ba ka jin komi sai ka yi zaton ba a kunna ba. Amma abokinka bai gaya maka duka ba.

Batiri guda mai 12V ba ya yi. Bi lissahin Malama, 12 a cire 2 saura 10, sau 10 ɗari, a raba da 64, wat ɗaya da rabi kenan. Sai ka jera biyu su ba ka 24V. To gefe biyu suna jan kamar amfiya 2 zuwa 2.4 ba tsayawa, awa biyar ta ci maka 12Ah ko kana saurare ko ka yi kwana ka bar ta. In ƙananan nan ne na UPS masu 7Ah ko awa biyu ba su kaiwa lahiya. Ni nawa 100Ah ne guda biyu na gida, kuma duk da haka sai da uwargida ta yi magana dan ta ga fanka tana mutuwa tun kahin asuba, yanzu sai da rana ko farkon dare nike kunnawa.

Da rana kuma wata matsala ta biyu, in sola tana caji wutar tana hawa har 28.8V, amfiya ta bi ta, ƙarhe ya yi zahi sosai ga rana ga zahin garinmu, sannan kwantirola irin mai araha ɗin nan PWM yana sa wani zzzz cikin sifika, da ka cire wayar faranti sai ya ɗauke. Na sa koyil da kafasito ya ragu amma bai tahi duka ba. Kuma in wayar da kake kiɗa da ita tana jone ga caja ta inbata wadda ke kan batirin nan guda, wani kuka ne daban zai shigo.

Abu guda da ba wasa, fis dab da kan batiri, amfiya 5 ya isa. Batiri ba taransifoma ba ne da za ta yi gurnani ta ba ka lokaci, in waya ta haɗu nan take take zama ja. In kana da sola 24V a gida riga, to gwada. Amma ka sayi batiri takanas dan wanga abu, a'a, kuɗin ya ninka na amfilifayar sau nawa. Ni ma da ina da caja irin taka da ita zan fara.

Baba Mai Rediyo:

Malama na ji lissafinki kuma ban musa ba, maganar faɗuwar wuta gaskiya ce, mu da muna sa sitabilaiza a gaba ne shi ya sa ban kawo ta ba. Amma ki gaya masa sauran. Cajar nan in ta ga babban kafasito a gabanta lokacin kunnawa ɗauka take waya ce ta haɗu, sai ta kashe ta kunna ta kashe ta kunna, sifika tana bup bup bup. Na biyu ba kowace caja ce caja ba, akwai wadda an rubuta 4.74A amma in ka ɗaga ta kamar kwalin ashana, wannan ko amfiya 2 ta ja awa ɗaya sai ta narke. Laftof tana ja ta huta, wannan abin ba ya hutawa. Na uku mai ƙafa biyu in ka taɓa jikin akwati zaka ji tana ɗan tsikarinka. Yaro in zaka bi ta Malama ka duba nauyin cajar, ka taɓa ta bayan awa ɗaya, kuma kar ka buɗe cikinta, akwai sama da 300V a kan babban kafasiton ko bayan ka zare ta. Ni dai ina nan a kan taransifoma ta.

Malama Fiziks:

Duk gaskiya ne Baba. Kar ya wuce 2200uF a bakin cajar, ya sa koyil tukuna, irin zoben nan mai launin rawaya da ke cikin mataccen fawa saflai na kwamfutar tebur, sai kafasiton a bayansa da ɗan 100nF a gefe. In da hali ya samu mai ƙafa uku ya tabbatar at ɗin gidan, wato wayar ƙasa, yana aiki. In daga baya yaga wat 4.5 bata ishe shi ba akwai na ƙarfen nan mai ramuka 24V 5A da ake sa wa fitilun LED, yana da ɗan firiset da ake murɗawa ya kai wajen 26V, amma shi sukurorin wutar gida a waje suke dole a rufe shi a akwati.

Ɗan Koyo:

Iyayena na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri ya ƙara basira. Na ɗan yi shiru ne dan sai da na gwada komai kafin na dawo.

Baba maganarka ta fito, da na sa resisto 0.1 ɗin 130mV na gani da farko, bayan rabin awa ya kai 155, ga 31V, kaga kusan wat 48 nake ɗora wa ɗan ƙarfen nan ban sani ba, kuma tsakiyar ma ba rabi take ba 18V na tarar. Kafasiton 35V ɗin da na duba shi da kyau kansa har ya fara kumbura, na cire shi na jefar tun kafin ya cika alkawarin da ka faɗa. Na samu hitsink biyu na wata inbata da ta ƙone a wajen wani mai gyara, da ƙyar ya bar min, kowanne ya kai tsawon tafin hannuna da rabi, ogana ya ara min dirila na huda.

Gwajin Malama kuma na haɗa bakin shiga da giraun gurnani yana nan, na sa 100Hz a waya wlh shi ne sak kamar tagwaye. Sai na ɗauko cajar yayana, tana da nauyi kuma mai ƙafa uku ce ta asali da tazo da laftof ɗin. Farko na yi ganganci na bar wani 6800uF a gabanta dan naga ko da gaske ne, ai kuwa bup bup bup ɗin Baba ya fito har ƙanwata ta leƙo tana tambaya ko ganga na saya. Na mayar 2200uF da koyil ɗin zobe, ta tashi lafiya. Na canza resiston da ke saita amfiya na sa firiset a jere da shi, na tsayar a 0.85A bayan ya yi zafi, tsakiya 9.5V. Gurnani ya tafi, sai na manna kunne a sifika nake jin wani ɗan sssss kaɗan. Jiya da magariba wutar gida ta sauka har fanka tana juyawa da ƙyar, na auna bakin cajar 19.2V bata motsa ba. Hitsink bayan awa biyu ina iya ɗora hannu na ƙirga goma, cajar kuma ɗumi kawai. Ƙarfin sauti a ɗakina ko rabin boliyum bana kaiwa. Mai kiɗa kayi haƙuri ban sayi bod ɗinka ba tukuna 😄 amma zan saya na kwatanta su da kunnena.

Taransifomar ban yar ba Baba, na ajiye ta, in na samu kuɗi zan kai a rage mata naɗi zuwa 20V na gwada da'irar TIP142 ɗin dan na koya. Saura abu biyu. In na kunna sifika tana yin dum sau ɗaya, mazugin har motsawa yake waje, shin zai lalata ta ko na ƙyale? Sannan gefe na biyu 2N3055 ɗin kirki sun ƙare min, amma ina da 2SC5200 guda biyu da na ciro a wata amfilifaya, zan iya sa su ko sai na canza wani abu?

Malama Fiziks:

Dum ɗin kafasiton fita ne yake cika ta cikin sifika har ya kai 9.5V ɗin nan, a wannan wutar ba zai kashe ta ba, in ya dame ka sa makunni a wayar sifika ka jira daƙiƙa biyar, da resisto 100 om daga bayan kafasiton zuwa giraun dan ya samu hanyar cika. 2SC5200 zai yi, amma ya fi 2N3055 sauri nesa ba kusa ba, yana iya kama kaɗawa can sama inda baka ji sai dai kaga zafi da amfiya sun tashi ba dalili, dan haka ka gajarta wayoyinsa ka sa om 10 da 100nF a jere a bakin fita zuwa giraun, kuma ka sake saita amfiyar daga ƙasa domin ƙarfin ninkawarsu ba ɗaya bane. Sai dai gefe ɗaya 3055 ɗaya 5200 kunnenka zai iya jin bambanci, in sun yi maka ka nemi wasu biyu ka mayar da duka iri ɗaya. Ka fara gwadawa da resisto om 8 mai wat 10 kafin ka jona sifikar kirki.